Abin da motar lantarki ta ci mini a gareji

Bayan an cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, na sayar da tsohuwar motata, na haɗa da ɗan abin da ke hannuna na sayi motar lantarki 'yar Kwatano, ƙirar 2013. Duk wanda ya gan ta tambayarsa ɗaya: wa zai gyara maka ita a Kano?

Shekarar farko sai da na kusa manta hanyar gareji. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Birki ma ba ya saurin cinyewa, domin da ka ɗaga ƙafa daga totur motar za ta rage gudu da kanta, tana mayar da wuta cikin batir. Man birki na canja, sai tayoyi, su kam nauyin batirin na cinye su da wuri.

Wata safiya ta ƙi tashi. Na ɗauko janwe zuwa wurin bakaniken da ya shekara goma yana yi mini aiki. Ya buɗe bonet, ya ga wayoyin nan masu ruwan lemo, ya goge hannu a tsumma ya ja da baya. "Alhaji, wannan ba aikina ba ne." Ban ga laifinsa ba, wutar da ke bi ta cikinsu ta kusa bolt 400, tana iya kashe mutum. Kwana huɗu tana yashe a nan kafin a haɗa ni da wani yaro mai wayarin, ya jona na'urarsa. Ashe ƙaramin batirin nan ne mai bolt 12, irin na kowace mota, ya mutu. In babu shi kwamfutar motar ba ta farkawa, balle ta kunna babban batirin. Kuɗin janwe ya fi na batirin.

Babban batirin shi ne inda gizo ke saƙar. Tawa mai kilowat-awa 24 ce (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), ba ta da ruwan sanyaya batir, ga zafin Afrilu a Kano. A allon gaba akwai sanduna 12 masu nuna lafiyarsa. Da goma na saye ta, yanzu takwas suka rage. Da hannuna a ciki: kullum nakan cika shi maƙil in bar ta a rana tsakar gida. Da na tambayi kuɗin wani batirin, shi ma na hannu, abin da aka faɗa mini ya kusa rabin kuɗin motar. Yaron ya ce ana iya buɗe shi a canja gutsattsarin da suka yi rauni cikin 48 ɗin da ke ciki, amma bai yi mini alkawarin zai daɗe ba.

Yanzu na kafa mata rumfa, ina tsayar da caji a kashi 80, kuma duk wata ina ware rabin abin da a da nake ba gidan mai, ina tara wa batirin.