Zanen wani saurayin Holan da ganuwar Birni

Tun da zafin bazara ya hana ni barci da wuri, na kan hau soron gidanmu a Zangon Damagaram da wayata, in shiga taskar gidan adana kayan tarihi na Rijksmuseum da ke Amstadam, wadda aka buɗe wa kowa kyauta a intanet. A can na ci karo da ayyukan Roelant Roghman, wanda aka haifa a 1627, wanda kuma tsakanin 1646 da 1647, yana da kimanin shekara ashirin, ya zagaya lardunan Holan da Utrecht ya zana gidajen sarakuna da na manyan attajirai sama da 200, da baƙin alli da ruwan tawada mai launin toka.

Abin da ya kama ni shi ne rashin ƙarin gishiri. Inda bango ya tsage, ya bar tsagewar yadda take. Inda ciyawa ta tsiro a kan hasumiya, bai share ta ba. Na daɗe ina faɗaɗa wani zane da yatsu biyu, ina kallon inuwar gini kwance cikin ruwan gwalalon da ya kewaye shi, da yadda ya bar farar takarda ta zama sararin sama ba tare da ya taɓa ta ba. A ganina, wannan haƙurin hannu ya fi kowane fenti mai ƙyalli daraja.

Bayan shekara ashirin da biyar, a 1672, rundunar Sarki Luwi na 14 na Faransa ta afka wa ƙasar, aka ƙona da yawa daga cikin gidajen nan, musamman a yankin Utrecht, har ya zama wasunsu ba a san kamanninsu na da ba sai ta takardun saurayin nan.

Mu nan ba yaƙi ke cin gine-ginenmu ba, damina ce. Ganuwar da Sarkin Damagaram Tanimun ya kewaye Birni, tsohon garinmu, da ita a ƙarni na 19 ta koma guntaye tsakanin duwatsu, zayyanar fuskokin tsofaffin gidaje kuma tana zubewa kowane Agusta. Ranar Asabar da ta wuce na ɗauki fensir da littafi na zauna gaban wani guntun ganuwa. Wani dattijo da ke wucewa ya leƙa, ya ce, "Ɗana, wannan kangon kake zanawa?" Na ce, "I, Baba." Sai ya nuna mini da sandarsa inda tsayinta ya kai lokacin yana yaro, na ja layi a sama da abin da na zana.