Kalmar partaker: inda take zama daidai da inda take ɓata takarda

A Garwa da Marwa da Kuseri na arewacin Kamaru, mutum mai Hausa a baki da Faransanci a alƙalami yakan wayi gari da buƙatar rubuta takarda da Ingilishi: yarjejeniya da ɗan kasuwar Mubi ko Yola, katin gayyata, ko jerin sunayen waɗanda suka zo taro. Sai ya iso kan "wanda ake tarayya da shi", ya buɗe tsohon ƙamus ko ya tambayi waya, ya ga partaker. Tana da nauyi a baki, sai ya ɗauka ita ce ta manya. Kalmar Ingilishi ce ta gaskiya, babu mai ce maka ka yi kuskure. Aibinta ɗaya, ta tsufa, kuma idan takardar ta kuɗi ce wannan tsufa yakan ja wa mutum rigima.

Gininta ba wuya. Part shi ne kaso, taker mai ɗauka, wato mai ɗaukar kaso. Mutanen Ingila sun ƙera ta wajen shekarar 1400 suna kwaikwayon kalmar Latin particeps, wadda ita ma haɗin "kaso" da "ɗauka" ce. Sunan ne ma ya riga aikatau zuwa duniya, don sai a ƙarni na 16 aka datse wutsiyar kalmar aka sami partake. Daga wannan tushe na Latin participant ta fito, wadda duk ɗan makarantar Faransanci ya sani. Ciki ɗaya suka fito ke nan, ɗaya ta zauna a coci, ɗaya tana ofis.

Abin da ya zaunar da partaker a coci shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki ta Sarki Jems, ta 1611. Kalmar ta zo a cikinta sau da yawa, misali a 1 Timoti 5:22, inda aka ce kada mutum ya zama partaker a zunuban waɗansu. Majami'u da yawa a Najeriya da yankin Bamenda da Buya, inda ake Ingilishi a Kamaru, har yanzu wannan fassara suke karantawa, shi ya sa kalmar ta fi rai a kunnen mutanen nan fiye da a kunnen ɗan Landan. Wanda ya tashi da Ingilishin zamani, da ya ji ta sai ya ji ƙamshin wa'azi, ko ya zaci da gangan kake kumbura magana don a yi dariya.

Idan ka ga lallai ita kake so, to ka riƙe ta daidai. Ƙarfin furuci yana kan gaɓa ta biyu, kamar "pa-TEI-ka". Aikatau ɗin yana bin sawun take: partake, partook, partaken. Babu partaked, ko da yake ana yawan ganinta a rubutun ɗalibai. Ƙananan kalmomin da ke biyo ta su ne inda aka fi tuntuɓe. Ana sa of idan abin ci ne ko sha, ko wani rabo da mutum ya samu, kamar albarka. Ana sa in idan aiki ne ko sha'ani da aka shiga. Ana sa with kafin mutumin da ake tarayyar da shi. Mai tunani da Faransanci yakan rubuta partake to, domin participer à tana kaɗa masa a kai, kuma wannan ba Ingilishi ba ne. Akwai kuma abin da ƙamus ba ya saurin faɗa: a hirar yau da kullum, in Bature ya tambaye ka ko kana partake, ba tare da ya ambaci komai ba, galibi giya yake nufi ko tabar wiwi. Kada malami ya amsa da "e" yana zaton tambayar walima ce.

Sai batun kuɗi, inda ɓarnar take. A ce mutum uku sun haɗa jarin albasa daga Marwa zuwa Mubi. Na farko ya zuba sefa 500,000, na biyu 300,000, na uku 200,000. Aka rubuta cewa su ukun partakers ne a wannan kasuwanci, kowa ya sa hannu. Aka sayar, aka ci ribar 200,000. Nawa ne rabon kowa? Kalmar ba ta faɗa ba. Ba ta ce daidai wa daida ba, ba ta ce gwargwadon jari ba, ba ta ce wa zai ɗauki asara idan albasa ta ruɓe a hanya ba. Abin da ta ce kawai shi ne kowa yana da hannu a ciki.

Sai wani ya ce to a sa partner mana. Ita ce kalmar da ta dace, amma tana zuwa da kayanta. A dokar Ingila ta 1890 kan tarayyar kasuwanci, wadda dokokin Najeriya na wannan fanni suka samo tushe daga gare ta, idan ba a rubuta wani sharaɗi ba, riba daidai wa daida ake raba ta, komai bambancin jari. Kowane ɗaya cikin ukun nan zai tashi da kusan 66,600. A fiƙihun Malikiyya kuwa, wanda kasuwanninmu suka saba da shi, riba da asara a tarayyar dukiya suna bin gwargwadon jari: 100,000 da 60,000 da 40,000. Mai jarin 500,000 ya ga ratar sefa sama da 33,000 tsakanin fahimtarsa da abin da takarda za ta iya ba shi. Ƙari a kan haka, a waccan doka partner yana ɗaukar bashin kasuwancin har da dukiyarsa ta gida. Don haka kalmar ita kaɗai ba ta wadatar, sai an rubuta kaso da lamba: kashi 50, kashi 30, kashi 20 cikin ɗari, na riba da na asara.

Idan kuwa ɗaya ne ya ba da kuɗi ɗaya ya yi zirga-zirga, wannan ƙiradi ne, abin da bankunan Musulunci ke kira mudaraba. A nan riba ana raba ta bisa kason da aka yanka tun farko, rabi ko sulusi, asarar kuɗi kuma tana kan mai jari muddin mai juyawa bai yi sakaci ba, shi wahalarsa ce ta tafi a banza. Kiran su biyun partners ba tare da bayani ba yana iya ɗora wa mai juyawa asarar da shari'a ba ta ɗora masa ba. Gara a rubuta investor ga mai kuɗi, manager ga mai aiki, sannan a zayyana sharuɗɗan a jimla biyu ko uku.

Wani tarkon kuma daga Faransanci yake. Kamaru da Cadi duka suna cikin OHADA, tsarin dokokin kasuwanci na bai ɗaya da aka rattaba wa hannu a 1993, Najeriya kuwa ba ta ciki. A wannan tsari masu kamfanin SARL, wato kamfani mai iyakantaccen alhaki, associés ake ce musu, masu SA, wato kamfanin hannun jari, kuma actionnaires. Mai fassara cikin gaggawa sai ya mai da associé ta zama associate, alhali a Ingilishi associate sau da yawa ma'aikaci ne ko abokin hulɗa wanda ba shi da ko sisi a jarin. Mai kaso a SARL, shareholder ko member za a ce masa, domin abin da zai rasa bai wuce abin da ya zuba ba. Partner ta fi dacewa da kamfanin da ake kira société en nom collectif, inda kowa ke ɗauke da bashin duka.

Sauran wuraren ba su da tsawon bayani. Mahalarcin taro ko bita participant ne. Wanda aka raba wa tallafi beneficiary. Ɗan adashi member, kuma idan da mutanen Bamenda kake magana ka ce wa adashin njangi, nan take za su gane. Waɗanda suka mallaki gida ko mota tare co-owners. Abokin cin mushe accomplice. Magada da ba a raba musu gado ba tukuna co-heirs ko joint heirs. Tsohon ƙamus zai iya miƙo maka coparcener a nan, wadda ta fi partaker tsufa a kunne, kuma yau an fi jin ta a shari'ar gadon Hindu a Indiya. Ka bar musu abarsu.

Ingilishi cike yake da kalmomin abota da suka faro daga rabon wani abu. Companion daga Latin take, wanda kuke cin burodi tare, daidai da abokin cin tuwo. Fellow kuwa daga harshen mutanen arewacin Turai na dā ta zo, ma'anarta wanda ya ajiye dukiyarsa tare da taka, kuma kalmar dukiyar a wancan harshe tana nufin dabbobi ma, kamar yadda makiyayi a Adamawa in ya ce dukiya shanu yake nufi. Waɗannan sun bar ma'anar rabo sun zama kalmomin zumunci. Partaker ce ta riƙe ma'anarta ta asali, sai zamani ya wuce ta bar ta a wurin ibada.

A can ɗin kuwa babu wadda ta fi ta. Mai fassara addu'a zuwa Ingilishi, ya zo kan "Allah ya sa muna da rabo a cikin rahamarsa", partakers of His mercy ta zauna daram, participants kuwa sai ta mai da rahama kamar taron bita. Haka a wa'azi, a waƙa, ko a jawabin ta'aziyya. A katin biki tana iya shiga sau ɗaya idan ana son lafazi mai girma, a ce baƙi su zo su partake of abincin walima, ko da yake join us ta fi sauƙi kuma ba ta ba kowa dariya. A takardar da za a kai gaban alƙali, ko banki, ko jami'in kwastan a Fotokol, a cire ta, a rubuta matsayin kowa da kalmar da doka ta sani, a biyo da kasonsa da lamba da kuma haruffa, sannan a ƙara layi ɗaya da ke cewa idan kwafin Faransanci da na Ingilishi suka saɓa, wane ne za a bi.