Mai son haddar Alƙur'ani, fara da lissafi

"Bana sai na haddace Alƙur'ani." Ana yawan jin haka a Zariya bayan Sallah, daga Tudun Wada har Samaru, amma kafin layya magana ta bi ruwa, don ba a yi mata lissafi ba.

Mus'hafin Madina shafi 604 ne, izu 60, wato izu ɗaya kusan shafi 10. Ɗauki rabin shafi bayan Asuba, daga Asabar zuwa Laraba, ka bar Alhamis da Juma'a don tilawar abin da ka riga ka ɗauka. Izu ɗaya ke nan a wata, shekara biyar ka sauke. Da nisa, amma abu ne mai yiwuwa.

Zumuɗi ke kayar da mutane. Sai mutum ya ɗebi shafi biyu kullum, ba ya waiwayen baya, sati uku komai ya cakuɗe, ya ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Ranar da sanyin hunturu ya hana ka tashi, kada ka ninka gobe don ramuwa, ci gaba daga inda ka tsaya. Ka samu malami ko aboki mai sauraronka duk Laraba, yana riƙe da mus'hafi da fensir, yana ja wa kurenka layi.