Kansila, kafin ka taɓa kuɗin kasuwa ka tambayi wanda ya gina rumfunan

Mu goma sha ɗaya ne a majalisar ƙaramar hukumarmu, kowa da mazaɓarsa, kuma dukkanmu jam'iyya ɗaya, kun dai san yadda zaɓen hukumar zaɓe ta jiha yake ƙarewa, don haka ko shugaban marasa rinjaye ba mu da shi, sai shugaban majalisa da mataimakinsa da shugaban masu rinjaye da bulaliya. Aka raba kwamitoci har kowa ya samu ya zama ciyaman na wani abu, ni aka ba ni na kuɗi da kasuwanni saboda babbar kasuwar ƙaramar hukumar a mazaɓata take. A lokacin murna na yi.

Abin da mutanen gari ba sa rarrabewa shi ne mu da kansiloli masu gafaka. Tun 1991 zamanin Babangida aka raba ƙaramar hukuma gida biyu, ciyaman da mutanensa su yi zartarwa, zaɓaɓɓun kansiloli su yi doka su duba kasafi, amma har gobe mutum zai buga maka ƙofa da asuba ya ce famfon unguwarsu ya lalace, alhali mai gafakan ayyuka da ciyaman ya naɗa shi ne ke da ofis da mota, kai da ka sha rana ka nemi ƙuri'a ba ka da komai sai kujera a wani zaure bayan sakatariya da fankarsa ba ta juyawa. Zamanmu kuwa yawanci na kasafi ne, a kawo shi a makare a ce daga sama an riga an daidaita da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, mu ce mun amince, a sa hannu a takardar alawus a watse. Wannan ne ya ishe ni. Na ce wallahi ba zan gama wa'adina ban yi doka ko guda ɗaya da za a ce tamu ce ba.

Kasuwar tamu mako mako take ci, ranar kasuwa tireloli har bakin titi, amma da damina ba ka iya ratsa layin 'yan gwari sai ka naɗe wando, ruwan kwata da na mahauta duk nan yake kwanciya, ga ba banɗaki ko ɗaya mai aiki. Kuɗi kuma ana karɓa kullum. Sai na rubuta ƙuduri mai sauƙi: a ƙayyade abin da kowace rumfa da tebur da kowane kan dabba za su biya, rasit ya zama iri ɗaya mai lamba, a ware wani kaso na abin da aka tara a gyara magudanar ruwa da banɗaki, ma'aji kuma ya riƙa zuwa gaban majalisa duk wata uku yana karanta lissafi. Na haɗa da kuɗin mayanka da tashar mota da 'yan baro da masu amalanke duk a ciki, na ce a yi ta gaba ɗaya a huta. Hujjata kuwa jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, wanda na yi fotokwafi na sa a aljihun gaba kamar laya, don a nan aka rubuta ɓaro-ɓaro cewa kasuwa da tasha da mayanka da banɗakin jama'a aikin ƙaramar hukuma ne, har lasisin keke da kwalekwale da baro an ambata. Duk wanda ya yi min gardama sai in zaro in karanta masa.

Karatu na ɗaya da na biyu ba wata matsala. Wurin jin ra'ayin jama'a ne abin ya yi armashi, don ni na dage a yi shi a cikin kasuwar ba a sakatariya ba, aka shimfiɗa tabarmi a rumfar sarkin kasuwa, dagaci ya zo, sarkin pawa ya zo da mutanensa, dillalan kara suka zo suna hararata saboda sun san la'adarsu za a leƙa. Ana cikin surutu wata tsohuwa mai daddawa ta kutsa ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙullin leda, ta warware a gabanmu, rasit uku ne na rana ɗaya, fari da ruwan hoda da shuɗi, babu mai lamba a ciki, ɗaya ma ko hatimi babu. Ta ce min, ɗan nan, ni dai ku faɗa min wanne ne na gwamnati a ciki in riƙa biyan shi kaɗai. Wuri ya yi tsit. Ma'aikatan harajin da ke tsaye a baya kowa ya kama duba wayarsa. Ranar na koma gida ina jin kaina kamar wani sanata.

Kuma duk tsawon zaman nan, bayanmu kaɗan, layi biyu ne na shagunan bulo masu ƙofar ƙarfe. Ku riƙe su a rai.

Muka yi karatu na uku muka miƙa wa ciyaman ya sa hannu. Shiru. Bai ce ya ƙi ba bai ce ya yarda ba, in mun haɗu sai ya yi dariya ya ce Honarabul mai doka, ana dubawa. Dokar ƙananan hukumomin jiharmu ta kwaikwayi tsarin majalisar jiha ne, kwana 30 in bai sa hannu ba majalisa na iya sake zartarwa da kashi biyu cikin uku, a wajenmu mutum takwas ke nan, don bakwai ba su kai ba. Nan aka shiga farauta. Wani an yi masa alƙawarin rijiyar burtsatse a mazaɓarsa ya janye, wani ubangidansa ya kira shi daga babban birnin jiha ya ce kar ya kuskura, ni kuma ina bin gidajensu da dare a kan babur ina roƙo ina tuna musu cewa in muka bari wannan ta faɗi to mu 'yan amshin shata ne har mu sauka. Ranar zaman aka wayi gari wai mai riƙe da makullin durowar da sandar majalisa take ciki ya yi tafiya, akawu kuma ya ce shi ba zai rubuta komai ba in ba sanda a kan tebur. Muka zauna muka ƙi tashi har bayan la'asar, yunwa kamar ta kashe mu, sai ga makulli ya dawo daga tafiya. Shugaban majalisa ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Takwas cif. Har yau ina alfahari da wannan ranar, ba zan ɓoye ba, a ƙaramar hukumarmu ban taɓa jin kansiloli sun tsallake ciyaman ba kafin mu.

Ba a jima ba takarda ta zo daga jiha. Gajeriya ce, ko shafi ɗaya ba ta cika ba. Ta ce a dakatar da aiki da dokar, saboda dokar tarayya ta 1998 da ta raba wa kowane mataki na gwamnati harajin da zai karɓa ta ba ƙaramar hukuma kuɗin kasuwa ne amma ban da kasuwar da kuɗin jiha ya shiga cikinta, ita wannan ta jiha ce ta karɓa. Kasuwarmu kuma, in ji su, gwamnatin jiha ce ta gina shagunan bulon nan layi biyu shekaru da dama da suka wuce.

Na ɗauki babur na tafi na duba da idona. A jikin bangon shagon farko, bayan buhunan albasa da aka jingina, akwai wani allon ƙarfe da tsatsa ta cinye rabinsa, sai da na sa yaro ya janye buhu biyu na goge da hannun riga sannan na iya karanta cewa mai girma gwamna ne ya buɗe. Shaguna ne da ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kasuwar ba, sauran duk rumfunan kara ne da langa-langa da mutane suka kafa da guminsu, amma wannan ɗan allon ya isa ya kashe aikin da muka yi wata da watanni muna yi.

Abin da ke ƙona min rai har yanzu ba takardar ba ce, su sun yi aikinsu. Mutanen da ke cikin sakatariya ne. Akawun majalisa ya fi shekara ashirin yana aiki, shi ya buga ƙudurin da hannunsa, shi ya gyara min lafuzzansa. Na same shi a ofis na ce Baba Akawu, don Allah ka san da maganar nan? Ya cire tabarau ya ce, Honarabul ai ba ku tambaye ni ba, ni aikina in rubuta abin da kuka faɗa. Lauyan ƙaramar hukuma ya sani. Ma'aji ya sani, ashe ɗaya daga cikin rasit ukun tsohuwar nan na jiha ne, yana zaune a kan tabarma ranar bai ce uffan ba. Shi kuwa ciyaman sai a lokacin na gane dariyarsa, me zai sa ya ɓata da 'yan kasuwa ya ƙi sa hannu, alhali ya san abin zai mutu da kansa? Ya bar mu muka ƙona duk wata alfarma da muke da ita wajen haɗa mutum takwas a kan gawa.

Wani lauya abokina ya ce mu je kotu, wai ai tsarin mulki ya fi waccan dokar ƙarfi kuma ya ambaci kasuwa ƙarara, akwai abin faɗa. Na ce to, da kuɗin wa? Majalisar kansiloli ba ta da asusun kanta, ko takardar buga ajanda sai mun rubuta wa ɓangaren ciyaman, yanzu shi za mu je mu ce ya ba mu kuɗi mu kai ƙarar waɗanda suka ba shi tikiti? Kuma shi sashe na 7 na tsarin mulki da muke taƙama da shi, wanda ya ce dole a yi zaɓaɓɓun majalisu a ƙananan hukumomi, shi ne dai ya danƙa wa jiha ikon yin dokar tsarinsu da kuɗinsu da ayyukansu. Dokar kansiloli ita ce auta, duk wadda ta ci karo da ita daga sama ita ce za ta kauce. Na san wannan a baki tun da, ban san zafinsa ba sai da ya faɗo a kaina.

Inda na fi jin takaici shi ne wancan togacin na kuɗin jiha a kan kasuwa kawai yake. Kuɗin mayanka, lasisin baro da amalanke, banɗakin jama'a, shaguna da kes-kes na cikin gari, duk dokar 1998 ɗin ta sa su cikin jerin ƙaramar hukuma babu wannan sharaɗin. Da ƙuduri uku ko huɗu muka yi daban daban, da na kasuwa ne kaɗai zai faɗi, na mayanka ya tsira, kuma kuɗin mayanka kaɗai ya isa a fara gyaran kwatar da ke zubo wa 'yan gwari ruwa. Amma da yake a dunƙule suke, takarda ɗaya ta kwashe su duka, kuma bayan abin da ya faru babu kansilan da zai sake bina ko da ƙudurin gaisuwar sallah na kawo. Biyu daga cikin takwas ɗin sun daina ɗaga wayata. Lokacin fidda gwani ya zo aka ce min in yi haƙuri, jam'iyya ta yi maslaha.

Don haka ku sababbi, musamman yanzu da kowa ke zumuɗi tun hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye kuma a daina naɗa kantomomi, ni ma na yi murna da shi, amma maganar kason Abuja ce aka yi, ba a ce komai ba a kan wa ke da kasuwar garinku. Kafin ka rubuta layi ɗaya ka je sashen ayyuka ka ce a fito maka da fayil ɗin kasuwar, in sun ce ya ɓata, kuma za su ce, ka zauna da tsofaffin kasuwa ka tambaye su shago shago wa ya gina wannan wa ya gina wancan, ka zagaya bango kana janye buhuna. Ka karanta dokar harajin jiharku ta yanzu, don abubuwa suna ta canzawa. Ka raba ƙudurinka gida gida. Ka rubuta wa lauyan ƙaramar hukuma da ma'aji tambaya a takarda ta hannun akawu, a karanta amsarsu a zauren majalisa ta shiga cikin bayanan zama, saboda ma'aikacin da zai yi maka shiru a baki ba zai yarda ya sa hannu a kan ƙarya ba, fayil yake tsoro ba kai ba. In kuma ka ga ciyaman ya karɓi dokar da za ta taɓa aljihun mutanensa yana murmushi bai ko ɗaga murya ba, to kar ka fara ƙirga ƙuri'u tukuna, ka koma ka binciko abin da ya sani.

Kasuwar tana nan yadda take, rasit ma na ji yanzu kala huɗu ne. Mutanen jiha suna zuwa ranar kasuwa su karɓa su tafi, na ƙaramar hukuma ma ba su fasa ba, doka ta hana mu tsara karɓar ne amma ba wanda ya hana su karɓa. In ruwa ya cika layin 'yan gwari kuma ba a zagin gwamna ba a zagin ciyaman, ni ake zagi, wai na tara mutane a rana na yi musu alƙawarin banɗaki na cinye kuɗin.