Godiya ga waɗanda suka tada motar Baba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, biki ya tashi lafiya, an kai ƙanwata ɗakinta a Mirya, kuma a motar marigayi Baba aka kai ta, kamar yadda ya sha faɗa tun tana ƙarama. Ina so jama'ar Damagaram su san waɗanda suka sa haka ta yiwu, domin ana gab da biki motar ko ƙofar gida ba ta iya fita.

Peugeot 504 ce, amma ba mai ƙofa huɗu da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ba. Mai ƙofa biyu ce, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara jikinta, aka fito da ita a 1969. Irinta mai injin V6, wato mai silinda shida, ita ce ta ci tseren motoci na Safari a Kenya a 1978, kuma duk wanda ya tsaya kallonta sai Baba ya ba shi wannan labari.

Sandar giya ce ta saki, tana yawo a hannu kamar muciya a tukunyar da ba tuwo. Ka nemi ta ɗaya ka faɗa ta uku, ta baya kuwa sai da lalube. Waɗanda suka fara dubawa suka ce akwatin giya ya mutu, a sauke a nemo wani. Kuɗin ya fi ƙarfina, ga hidimar biki.

Babbar godiyata ga dattijon bakaniken nan na Zango, wanda ya riƙe motar tun Baba na raye. Bai kwance ko noti ɗaya ba sai da ya sa yaronsa ya zauna ciki yana motsa sandar, shi kuma ya kwanta a ƙarƙashi yana bin ƙarafan da yatsa. Sannan ya cire su, ya tura hannun akwatin da kansa, kowace giya ta shiga tsaf. Ya fito yana kaɗe riga, ya ce, "Ɗana, akwatin nan lafiyarsa ƙalau, kada ka bari a taɓa shi."

Ya nuna mini inda ciwon yake. Tsakanin sanda da akwati akwai ƴan sandunan ƙarfe, bakin kowanne da ƙoƙon roba mai tauri da ke riƙe da kan ƙwallon ƙarfe. Ƙurar hunturu ta gauraya da tsohon giris, ta cinye robar, har ƙwallo ɗaya ya zaizaye ta gefe guda. Ɗan sakin da ke can ƙasa bai kai kaurin farce ba, amma saboda tsawon sandar, kafin ya iso hannun direba ya ninka sau da yawa. Ni dai a ganina wannan shi ne gwaninta: ya fi samun kuɗi in ya yarda a canza akwati, amma ya faɗi gaskiya.

Na gode wa kawuna da ke bin hanyar Kano, wanda ya zaga Ƙofar Ruwa da tsofaffin sandunan a leda har ya samo makamantansu. Ɗaya bai zo daidai ba, nan kuma mai walda na Sabon Gari ya shigo. Ya cike ƙwallon da ya zaizaye, ya goge shi ya koma zagaye, aka sassaƙa zoben tagulla a gindin sandar a madadin robar da ta ruɓe. Daidaita tsawon sandunan ya fi komai cin lokaci, domin sai giya tana firi ake gwadawa, a ɗaure, a sake kwancewa. Yaran garaj biyu suka yi ta riƙe fitila har bayan isha'i, ba wanda ya ce ya gaji.

Dattijon bakaniken da kansa ya ja motar ranar ɗaukar amarya, ya bi ta Birni ya wuce gaban fadar Sarki, kuma ya ƙi karɓar komai sai kuɗin giris da na yaransa. Inna ta ce in gaishe ku duka, tana sa muku albarka.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a sana'arku, ya ba amarya da ango zaman lafiya. Wanda ya karanta, ina roƙon ya sa Baba a addu'a.