Daskararren mangwaro da kindirmo don zafin bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, shi ne kuma lokacin da mangwaro yake cika kasuwa har ya yi araha, kuma a ganina babu abin da ya fi dacewa a yi da shi kamar a daskarar da shi a gida. Sai dai yawancin masu gwadawa sukan markaɗa shi da ruwa, su ƙulla a leda su jefa cikin firiza, ya fito da tauri kamar dutse, yara su tsotse zaƙin su bar farar ƙanƙara. Ruwan nan da ake ƙarawa shi ne yake ɓata aikin, domin shi ne yake haɗuwa ya zama manyan ƙwayoyin ƙanƙara, alhali sukari da maiƙon nono da naman mangwaron su ne suke hana su girma, shi ya sa ni ba na zuba ruwa ko kaɗan.

Ina zaɓar manyan mangwaro 4 da suka nuna sosai, in fere su, in yayyanka ƙanana tare da ayaba 2, in baza su a faranti ba tare da sun hau juna ba, in sa a firiza na aƙalla awa 6. Ayabar tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, saboda ita ce take ba haɗin danƙo da laushi idan an markaɗa ta a daskare. Idan mangwaron mai zare ne, gara a fara markaɗa shi a tace da rariya, sannan a daskarar da shi a ƙananan ledoji.

Da zarar sun daskare, sai in zuba su a blanda da kofi 1 na kindirmo mai kauri, da cokali 3 na sukari ko zuma, da ruwan rabin lemun tsami, in markaɗa har ya yi sumul. Ya kamata zaƙin ya ɗan zarce yadda ake so, domin sanyi yana rage wa harshe jin zaƙi. Ana iya sha nan take, ko a mayar da shi firiza na awa ɗaya a roba mai murfi. Wadda ba ta da blanda za ta iya dama nunannen mangwaron da kindirmo da ludayi, ta zuba a kwano mai faɗi ta sa a firiza, ta riƙa fito da shi duk bayan minti 30 tana juyawa da cokali mai yatsu har sau uku ko huɗu.

Batun wutar lantarki ne ya sa na fi son a daskarar da yankakken mangwaron shi kaɗai tukuna, a bar kindirmon sai ranar da za a sha, domin nono ya fi saurin lalacewa idan aka daɗe da ɗauke wuta. Haɗin da ya riga ya narke gaba ɗaya har ya bar sanyi kada a mayar da shi firiza, musamman idan ƙananan yara ne za su sha.