Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: "Ka Amsa Kawai Ka Tafi Gida"

A makon jiya na tsaya a inda na bar ofishin maigidana na koma aikin kare marasa ƙarfi a kotu kyauta. Na zo da sa ran za a damƙa mini manyan shari'o'i irin na kisa da fashi. Sai shugabar sashenmu, wata dattijuwar lauya da ta daɗe a wannan aiki, ta tura ni ƙaramar kotu, inda ake gurfanar da masu faɗa a bakin titi, da masu talla a inda aka hana, da waɗanda aka kama da yawon dare. Ta ce da ni, "Ɗana, mai babban laifi kowa ya san sai da lauya. Wanda ake tuhuma da ɗan ƙaramin abu shi ne ke shiga kotu shi kaɗai."

Da sassafe motar 'yan sanda ke sauke su, a zuba su a ɗakin tsare mutane da ke bayan kotu. Nan nake zuwa da littafina, in tsaya jikin ƙarfen ƙofa in tambayi kowa sunansa da abin da aka ce ya yi. Da yawansu ba su ma san abin da ke cikin takardar tuhumarsu ba. Amma abu ɗaya duk sun haddace, domin tun daga caji ofis ake faɗa musu: ka amsa kawai ka tafi gida.

Wani saurayi ɗan dako ne ya fara nuna mini nauyin wannan maganar. An kama shi da wayar da aka ce ta sata ce. Shi kuwa saye ya yi a hannun wani, har saƙon cinikin yana nan cikin wayar da 'yan sanda suka riƙe. Na ce masa doka ba ta kama mutum da karɓar kayan sata sai an nuna ya sani, ko yana da dalilin zargin cewa na sata ne.

Ya ce, "Barista, na ji. Amma in na ce ban yi ba, yau zan kwana a gida?"

Na faɗa masa gaskiya. In ya musanta, zan nemi beli, amma sai an sami mai tsaya masa. In ba a samu ba, za a kai shi gidan yari jiran shari'a, a ɗage zama. In kuwa ya amsa, wataƙila tara za a ci shi, amma in ba a biya ba gidan yarin ne dai, kuma sunansa ya shiga kundin masu laifi, abin da zai tare shi duk ranar da ya nemi aiki ko ya sake tsayawa gaban alƙali. Ya yi shiru yana murza yatsu, yana lissafin bakunan da ke jiran abin da zai samo ranar. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya shimfiɗa masa hanyoyin biyu. Rabin aikinmu ke nan, kuma ana yin sa ne kafin alƙali ya zauna.

Da yamma na kai wa shugabarmu labari, raina a ɓace. Ta ce wannan rigima ba yau ta fara ba. A Amurka, a 1963, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Clarence Gideon, wanda ya rubuta kokensa da fensir daga kurkukun Florida, cewa dole jiha ta ba talakan da ake tuhuma da babban laifi lauya. Masu ƙananan laifuka sai da suka jira 1972, lokacin shari'ar Jon Argersinger, wanda aka ɗaure kwana 90 ba tare da lauya ba. Kotun ta ce komai ƙanƙantar laifi, ba za a ɗaure mutum ba sai an ba shi lauya ko shi da kansa ya yafe. Amma a 1979 kotun ta ce in tara kawai aka ci mutum, wannan haƙƙi bai hau ba. Ni dai har yau wannan gaɓa ba ta kwanta mini ba, domin a wajen wanda ba shi da ko sisi, tara ƙofar kurkuku ce.

Ita ce kuma ta sa na karanta sashe na 14 na Yarjejeniyar 'Yancin Ɗan Adam da Siyasa ta ƙasa da ƙasa ta 1966, wanda ke magana kan shari'ar adalci, da Sanarwar Lilongwe ta 2004 kan agajin shari'a a Afirka, da ƙa'idojin agajin shari'a da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2012, waɗanda suka ce a sami lauya tun daga hannun 'yan sanda. Takardu masu kyau ne ƙwarai. Sai dai takarda ba ta zuwa kotu da ƙafarta, mu kuwa da ke zuwa 'yan kaɗan ne, fayil ya yi mana yawa, wani lokaci minti kaɗan kake samu da mutumin da makomarsa ke hannunka.

Saurayin dai ya musanta. Na miƙe na ce, "Ya mai shari'a, wanda ake tuhuma yana da mazauni sananne, ba a taɓa kama shi da laifi ba, muna roƙon beli mai sauƙi." Mai gabatar da ƙara bai ja ba. Aka ba da beli, amma sai da ya kwana biyu a tsare kafin mahaifiyarsa ta samo wani kawunsa ya tsaya masa. Ranar da ta zo, ta riƙe hannuna ta fara kwance bakin zanenta. Na ce, "Mama, mayar da kuɗinki, wannan aiki ba a biya." Ba ta yarda ba sai da magatakarda ya tabbatar mata, domin a saninta babu abin da ake yi a harabar kotu kyauta.

Aka yi ta ɗage zama, mai ƙara bai zo ba, shaida bai zo ba. Daga baya na roƙi a kori ƙarar saboda rashin bibiya, alƙali ya amince. Ya fita ba tabo a sunansa, amma wanda yake yi wa dako ya riga ya ɗauki wani, kuma wayar ba ta dawo ba.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin wata mai talla da na tarar a gidan yari, wadda zaman jiran shari'arta ya wuce iyakar ɗaurin da doka ta tanadar wa laifin da ake tuhumarta da shi, da yadda muka yi ta neman fayil ɗinta.